Cajin batir a ƙananan jiragen sama: a auna kafin a kwance

Sanin kowa ne in mota ta daina cajin batir a tsakanin Ƙonni da Madawa, abin da direba zai yi bai wuce ya ratse gefen hanya ba, ya buɗe gaban mota, ya jira mai taimako ko ya aika a kira masa makanike. To shi jirgin sama ba shi da gefen hanya. In wannan matsala ta same shi yana sama, matuƙi na da mintoci ƙidayayyu kafin rediyonsa ta yi shiru, fitilunsa su mutu, alluran da ke gaya masa yawan man da ya rage su kwanta. Shi ya sa yau muka ɗauko maganar cajin batir a ƙananan jiragen sama, domin mu ga yadda yake aiki, da yadda yake lalacewa, da yadda masu sana'ar ke bin sawun matsala har su kamo ta.

Ƙananan jiragen da muke nufi su ne masu inji guda da farfela a hanci, masu ɗaukar mutum biyu zuwa shida, irin su Cessna 172, Cessna 182, Cessna 206 da Piper Cherokee, dukansu ƙirar Amurka. Cessna 172 kaɗai, tun da aka fara sayar da shi a 1956, an ƙera fiye da dubu 44. Ƙananan jirage ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Mutanen karkara sun gan su suna feshi a shekarar 2004 lokacin da farin dango ta mamaye Sahel, kuma sun sha ɗaukar likitoci da marasa lafiya tsakanin Yamai da asibitin Galmi. A ƙasa mai faɗi irin Nijar, inda tafiyar Yamai zuwa Damagaram ta kusa kilomita 900 a mota, ƙaramin jirgi na iya zama abin da ke tsakanin marar lafiya da likita.

Akwai wata magana da masu gyaran jirage suka daɗe da sani. Sau da yawa in caji ya yanke, na'urar da ake rugawa a kwance ita ce altarnater, wato dinamon caji. A sayo sabo da tsada, a ɗaura, sai matsala ta dawo, domin tun farko ba can take ba. Tana jikin wata waya da ta yi tsatsa, ko wani maɓalli da ya tsufa, ko bel da ya saki. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. A wurinmu kuwa, inda kayan gyaran jirgi sai an yi odarsu daga Turai ko Amurka, wannan kuskure na nufin kuɗi sun tafi a banza, jirgi kuma na girke a ƙasa makonni.

Rijiya da randa

Duk wanda ke da sola a gida ya riga ya san rabin wannan darasi. Akwai mai samar da wuta, akwai batir mai ajiye ta, akwai regilater mai tsare ta kada ta yi yawa ko ta yi kaɗan. A jirgi, altarnater shi ne rijiya, batir kuwa randa ce. Ana ɗibar ruwan randa a tada inji da safe, daga nan rijiya ta karɓi aiki, ta shayar da duk na'urorin jirgi, ta kuma mayar ma randa abin da aka ɗiba. Muddin rijiya na kawo ruwa, randa a cike take. Ranar da rijiya ta ƙafe, abin da ke cikin randa shi ke nan.

Jiragen da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1960 dinamo irin na da suke da shi, wanda ba ya caji sosai in inji na tafiya sannu. Daga baya aka koma ga altarnater, wanda ya fi sauƙin nauyi kuma yake ba da wuta ko da jirgi na tsaye inji na juyawa a hankali. A cikinsa akwai wani dunƙule mai naɗin waya da ke juyawa. Ana ba shi ƴar wuta kaɗan, amper biyu zuwa huɗu, ta hanyar wasu ƙananan gawayi biyu da ke gogar zobba biyu na tagulla, sai ya koma maganaɗisu. Juyawar wannan maganaɗisu ita ke haifar da babbar wuta a naɗin wayar da ke kewaye da shi. Wutar na fitowa tana kai da kawowa, sai wasu ƴan na'urori shida da ake kira diyod su daidaita ta ta bi hanya guda, irin wadda batir ke karɓa. A yawancin waɗannan jirage altarnater na iya ba da har amper 60.

Aikin regilater shi ne ya riƙa ƙara ko rage waccan ƴar wuta da ke shiga maganaɗisu, domin ƙarfin wutar jirgi ya tsaya wuri guda. Jirage iri biyu ne a nan. Akwai masu batir na volt 12, waɗanda wutarsu ke tsayawa wajen volt 14 in inji na aiki. Akwai masu batir na volt 24, waɗanda tasu ke tsayawa wajen 28. Cessna 172 ya koma tsarin volt 28 daga ƙirar 1978. Bayan regilater akwai wani mai gadi kuma, wanda ke yanke altarnater nan take in wuta ta haura kima, wajen volt 16 a tsari na farko, wajen 32 a na biyu, domin kada ta ƙona rediyo ta tafasa batir.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, altarnater ba ya ba da wuta sai an fara ba shi wuta. Ita waccan ƴar wuta kuwa, kafin ta iso gare shi, sai ta bi ta makatsin wuta, wato ɗan maɓallin da ke tsinkewa da kansa in lodi ya yi yawa, sannan ta bi ta babban maɓallin matuƙi, ta bi ta mai gadi, ta bi ta regilater, ta kuma ratsa wayoyi da kawunan waya masu yawa. In ɗaya daga cikinsu ya kasa, lafiyayyen altarnater zai yi ta juyawa a banza kamar matacce.

Inji ba ya mutuwa, amma…

Mutane da yawa na zaton in wuta ta ɗauke a jirgi sai inji ya tsaya, jirgi ya faɗo. A irin waɗannan jirage masu injin Lycoming ko Continental na gargajiya, ba haka ba ne. Bujin inji ba daga batir suke samun tartsatsi ba. Akwai wasu na'urori biyu da ake kira manyeto, waɗanda inji ke juyawa da kansa, su ke haifar da tartsatsin, kuma kowane silinda na da buji biyu. Ko an cire batir an jefar, inji zai ci gaba da aiki. Ma'aunin gudu, ma'aunin tsawon tashi da kamfas su ma ba su bukatar wuta.

Amma abin da ake rasawa ba kaɗan ba ne. Rediyon magana da hasumiyar filin jirgi za ta tafi, na'urar da ke nuna jirgi a rada za ta tafi, na'urorin nuna hanya, fitilun waje da na ciki, da alluran mai duk za su tafi. A Cessna 172, ƙananan fikafikan da ake saukewa domin rage gudu wajen sauka da wuta suke aiki. A jirage masu naɗe ƙafafu irin Piper Arrow, famfon sauke ƙafafun ma wuta yake sha, sai dai a koma ga hanyar gaggawa. Da rana tsaka, sama garau, kusa da filin jirgi, wannan ɗan ciwon kai ne. Da dare kuwa, ko cikin hazon hunturu da ke rufe ƙasa har ba a ganin komi, ko a saman Tenere tsakanin Agadas da Dirku inda ake cin fiye da kilomita 500 babu wurin sauka na kirki, magana ce ta rai da mutuwa.

Lissafin minti talatin

Batir ɗin jirgi ƙarami ne, domin a sama kowane kilo da lissafinsa. Na volt 24 yawanci bai wuce amper-awa 10 zuwa 14 ba. Mu ɗauka namu 12 ne. In na'urorin da ke kunne na jan amper 24, a takarda minti talatin ke gare shi. In matuƙi ya kashe abubuwa har jan ya sauka zuwa amper 6, zai iya kai awa biyu. Wannan fa lissafin sabon batir ne cikakke. Tsohon batir da zafi ya cinye ba zai ba da ko kusa da haka ba, alhali da safe ya tada inji lafiya lau, domin tada inji aikin daƙiƙoƙi ne, riƙe rediyo kuwa aikin juriya ne.

Cessna 172 na cin wajen kilomita 220 a awa. Minti talatin ke nan kilomita 110, wanda bai kai rabin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram a mota ba sai da ƙyar. Kuma agogon na soma bugawa ne daga lokacin da caji ya yanke, ko matuƙi ya lura ko bai lura ba. Wanda ya yi minti ashirin bai dubi allurarsa ba ya riga ya zubar da yawancin ruwan randarsa.

Shi ya sa ake koya ma matuƙa duba allurar caji a kai a kai. A jiragen Cessna, allurar na tsakiya in komi lafiya, ta karkata gefen ragi in batir ne ke ɗauke da lodi. A jiragen Piper kuwa tana nuna abin da altarnater ke bayarwa ne, saboda haka in ta faɗi sifili an san ya daina aiki. Yawancin jirage na da jan fitila da ke kamawa in wuta ta yi ƙasa.

In abin ya faru, littafin jirgin ya tsara matakai, kuma a dunƙule ga yadda suke. Matuƙi ya kashe rediyoyi na ɗan lokaci, ya duba makatsan wuta, ya kashe maɓallin altarnater ya sake kunnawa sau ɗaya, domin wani lokacin mai gadi ne ya yanke shi saboda wuta ta yi tsalle sau guda. In caji ya dawo, a ci gaba ana sa ido. In bai dawo ba, a kashe altarnater gaba ɗaya, domin maganaɗisunsa ma na shan batir, a kashe duk abin da ba dole ba, a sanar da hasumiya tun rediyo na da rai, a nemi filin sauka mafi dacewa. Makatsin da ya tsinke ba a ta danna shi, in kuma an ji ƙaurin waya ba a ko taɓa shi, domin gobara a cikin jirgi ta fi duhu muni. In rediyo ta tafi amma na'urar rada na da sauran wuta, lambar 7600 ita ke shaida ma masu kula da sama cewa jirgi ya kurumce. Su kuma su yi masa magana da fitila: kore tsayayye na nufin ya sauka, ja tsayayye na nufin ya ba wani hanya ya ci gaba da kewayawa.

A ƙasa: ido, sannan awo

To jirgi ya sauka lafiya, an tura shi rumfar gyara. Daga nan ne ake gane makaniken da ya san aikinsa. Kafin ya ɗauki sufana, tambaya yake fara yi. Yaushe cajin ya yanke, wajen tashi ko bayan awa guda a sama? Ya ɗauke gaba ɗaya ko yana zuwa yana tafiya? Wane makatsi ya tsinke? An ji wani kuka a rediyo? Wane gyara aka yi ma jirgin kwanan nan? Matsalar da ke zuwa sai inji ya yi zafi daban take da wadda ke nan tun da safe, kuma sau da yawa littafin gyaran jirgi na nuna wurin da hannu ya taɓa na ƙarshe.

Na biyu, ido da hannu. A injin Lycoming, bel ne ke juya altarnater daga bayan farfela. Bel da ya saki ko ya yi santsi na zamewa in lodi ya yi nauyi, sai a ga caji na nan da rana, amma da an kunna fitilar sauka ya gudu. Ana duba taurinsa yadda kamfanin ya tsara, ba da yatsa kawai ba, domin in ya yi tauri fiye da kima kuma sai ya cinye boris na altarnater. Sauya wannan bel sai an kwance farfela, saboda haka ba a sakaci da shi. A wasu injinan Continental kuwa, haƙoran inji ne ke juya altarnater ta hanyar wani mahaɗi mai roba. In mahaɗin ya ci, altarnater ba ya juyawa yadda ya kamata, kuma ɓarɓashinsa na iya shiga man inji, abin da ya fi matsalar caji haɗari. Bayan haka a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana ɗan ja. Girgizar inji na karya waya daidai bakin kanta, ta bar robar waje lafiya, mai kallo ya ga kamar ba abin da ya same ta.

Na uku, batir. Cikakken batir na volt 12 da ya huta na nuna wajen 12,6, na volt 24 kuwa wajen 25. In batir ya mutu murus, altarnater ba zai samu ƴar wutar da zai fara da ita ba, kuma duk awon da za a yi bayan nan ƙarya zai faɗa. Sai an caja shi, an gwada juriyarsa, sannan a ci gaba.

Na huɗu, a tada inji a auna wutar jirgi. In ta hau 14 ko 28, caji na nan, matsalar na iya zama ta allurar ce ko mai zuwa da tafiya. In ta tsaya daidai da ta batir, caji babu. Sai a kashe inji, a bar babban maɓalli kunne, a kai na'urar awo kan ƴar wayar da ke shiga maganaɗisun altarnater. Ya kamata a samu wuta kusa da ta batir. Tsofaffin makanikai kan kai sukuddireba kusa da gindin altarnater su ji ko maganaɗisu na ja. In babu wuta a nan, altarnater ba shi da laifi, sai a koma baya taki-taki: tana fita daga regilater? Tana shiga regilater? Ta wuce mai gadi? Ta wuce maɓalli? Ta wuce makatsi? Inda aka same ta a gefe guda aka rasa ta a ɗaya gefen, nan ɓarawon yake.

In kuwa wutar ta iso, sai a cire wayar a auna naɗin maganaɗisun kansa. Om kaɗan ya kamata a gani, gwargwadon abin da littafin ƙirar ya faɗa. In na'ura ta nuna hanya a yanke, ko lambar na tsalle in an juya altarnater a hankali, to gawayin sun cinye ko zobban sun yi dauɗa. In ta nuna kusan sifili, naɗin ya haɗe, kuma irin wannan ne ke ƙona regilater. Wanda ya sauya regilater bai yi wannan awo ba, sabon ma ƙonewa zai yi.

Na ƙarshe, babbar wayar da ke kai wuta daga altarnater zuwa cikin jirgi, da wayar mas da ke haɗa inji da gangar jirgi. Su waɗannan ana auna su ne inji na aiki, fitilu a kunne, a ga nawa ke ɓacewa a hanya. Ga dalili: tsatsar da ta kai om 0,05 kacal, wadda ƙaramar na'urar awo ba ta ma gani sosai, in amper 40 suka bi ta kanta sai volt 2 su ɓace, wurin kuma ya riƙa fitar da zafi na wat 80. Ka ga batir ba zai cika ba, kan waya kuma na gasuwa a hankali.

Duk wannan aiki ana yinsa ne da tsoron farfela. Ko inji a kashe yake, in wayar kashe manyeto ta tsinke, ɗan juya farfela da hannu na iya tada shi. Masu sana'ar na ɗaukar kowace farfela a matsayin mai rai.

Allura mai rawa, rediyo mai kuka

Akwai alamu biyu da suka fi ruɗa mutane. Ta farko ita ce allurar caji mai rawa, fitilun ciki na haske suna dushewa kamar numfashi. An san wannan sosai a tsofaffin jiragen Cessna, kuma yawanci ba altarnater ba ne, ba regilater ba ne. A cikinsu regilater na jin ƙarfin wutar jirgi ne ta wayar da yake shan wuta da ita. In maɓalli ko makatsi ya tsufa, bakinsa ya yi tsatsa, sai ya riƙa cin wani abu daga wutar. Regilater ya ga kamar wuta ta yi ƙasa, ya ƙara, ya ga ta yi yawa, ya rage, haka dai ba tsayawa. Maganin na iya zama sauya ɗan maɓalli ko tsabtace kawunan waya.

Ta biyu ita ce kuka siriri a rediyo, mai tashi in an ƙara ma inji wuta, ya sauka in an rage. Wannan kan nuna diyod ɗaya ya mutu. Altarnater zai ci gaba da caji, amma ƙarfinsa ya ragu, wutar kuma ba ta fita sumul. A nan kam laifin na cikin altarnater, kuma awo ne zai tabbatar kafin a kwance shi.

Zafi da ƙura

Ƙasarmu na da nata rabon a wannan magana. A watannin Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45 a inuwa, balle cikin jirgin da ke girke a rana. Masana batir na cewa duk ƙarin wajen digiri 10 a kan 25 na rage rayuwar batir mai dalma da rabi. Zafi na ƙafar da ruwansa, yana kuma zuƙe cajinsa ko ba a aiki da shi. Jirgin da ya yi wata biyu bai tashi ba, batir ɗinsa na lalacewa a zaune. Irin batir da ake ƙara ma ruwa, tataccen ruwa kaɗai ake zuba masa, ban da na famfo ko na rijiya. Kuma gwajin juriya lokaci-lokaci shi kaɗai ke nuna ko minti talatin ɗin nan na nan ko babu.

Ƙura ita ma abokiyar gaba ce. Iskar da ke sanyaya altarnater ita ke shigo masa da rairayi, rairayi kuma na cin gawayi da zobba da boris kamar sanfefa. Jirgin da ke sauka a filayen jar ƙasa ya fi shan wannan wahala. Ana yi ma jiragen haya bincike duk awa 100 na tashi, kamfanoni da dama kuma na son a buɗe altarnater a duba gawayinsa wajen awa 500. A irin yanayinmu, mai hankali ba ya jiran wa'adi ya cika kafin ya leƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗabi'un garaji da ba su shiga filin jirgi

Masu gyaran wutar mota na Maraɗi da Tawa da Damagaram na da basira, kuma wanda ya karanta abin da ya gabata zai ga cewa altarnater na jirgi ɗan uwan na mota ne. Wasu ma daga ƙirar motocin Amurka aka samo su. Amma akwai ɗabi'un da ba su da wuri kusa da jirgi. Ta farko ita ce cire kan batir inji na aiki domin a ga ko akwai caji. Batir ne ke shanye tsallen wuta, in an cire shi wutar na iya haurawa nan take ta ƙona diyod da rediyoyin da kuɗinsu ya fi na mota. Ko a motocin zamani ma wannan gwaji ɓarna ne. Ta biyu ita ce ƙyasta waya a jikin ƙarfe a ga tartsatsi. Ta uku ita ce ɗaure makatsi ko sa wanda ya fi shi girma domin ya daina tsinkewa. Ta huɗu ita ce a tada jirgi mai mataccen batir da wutar waje a ce zai cika a sama. Wanda ya yi haka ya tashi da randa wayam, in rijiya ta ƙafe ba shi da ko minti biyar.

Haka nan ba a ɗauko altarnater daga kasuwa a ɗaura ma jirgi don ya yi kama da nasa. Kowane kayan gyara na zuwa da takardar shaidar asalinsa, irin fom 8130-3 na hukumar FAA ta Amurka ko fom 1 na hukumar EASA ta Turai. Kuma ba mai sa hannu a littafin jirgi ya ce ya cancanci tashi sai makanike mai lasisi. Wannan tsari ya samo asali ne daga yarjejeniyar Chicago ta 1944 wadda ta haifi hukumar OACI, a nan gida kuwa hukumar ANAC ce ke kula da shi. Araha ba ta ado, a sama kuwa araha na iya cin rai.

Kira ga matasa

Wani zai ce mi ya haɗa mai karatun jarida a Tasawa ko Gaya da wayoyin jirgin sama. Abu biyu. Na farko, darasin na kowa ne: mai sola, mai kabu-kabu, mai injin ban ruwa, duk wanda aka taɓa sa shi sayen batir sabo alhali kan waya ne ya yi tsatsa, ya san zafin sauya kaya ba tare da awo ba. Ƙaramar na'urar awon wuta ba ta kai kuɗin batir guda ba, kuma tana hana asarar da ta ninka kuɗinta.

Na biyu, wannan sana'a ce da ƴaƴanmu za su iya. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu kula da zirga-zirgar sama, masana yanayi da masu gyaran na'urorin filin jirgi daga ƙasashen Afirka da dama. A Zariya ta Najeriya akwai kwalejin sufurin sama da aka kafa a 1964, mai horar da matuƙa da makanikan jirage. Yaron da ya iya lissafi, ya iya karanta zanen wayoyi, yake da haƙurin bin waya daga kai har gindi ba tare da gaggawa ba, ya riga ya kama hanya. Iyaye da malaman makarantun sana'a su ƙarfafa ma irin waɗannan yara gwiwa, su koya masu tun a garaji cewa hannu ba ya riga awo. Duk ranar da aka samu makanike ɗan ƙasa da zai gano tsatsar maɓalli cikin awa guda, maimakon a jira kaya daga waje wata guda, jirgin da zai ɗauki marar lafiya ya tashi a kan lokaci ke nan.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, ya sa albarka a sana'o'inmu.